Mazaunin Mai Magani: Nazarin Inda Ƙwararren Likita da Maɗori Ke Zaɓar Yin Aiki a Ƙasashen Batsari da Safana

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi dalilan da ke sa mai magani ya zauna a wani wuri ya bar wani, ta hanyar kwatanta ƙwararren likitan asibiti da maɗorin gargajiya a ƙananan hukumomin Batsari da Safana na Jihar Katsina. An fara da warware ma'anar sunayen alofati da ostiyofati, waɗanda ake yawan rikita su da likitan ƙashi da kuma maɗori, sannan aka waiwayi yadda likitocin waɗannan hanyoyi biyu suka rarrabu tsakanin birni da karkara a Amurka. An ɗora nazarin a kan ra'in Hart (1971), wanda ya ce kulawar likita takan yi ƙaranci a inda aka fi bukatarta. Maƙalar ta gano cewa mazaunin mai magani yana bin tushen sana'arsa ne: inda ya koye ta, kayan da take bukata, da mutanen da ke shaidar ƙwarewarsa. Tushen ƙwararren likita yana birni, na maɗori kuwa yana gidan gado. Rashin tsaron dajin Rugu ya ƙara nesanta na farko, ya kuma fara tumɓuke na biyu. An rufe da shawarwari ga hukuma da manazarta Hausa.

Fitilun Kalmomi: ƙwararren likita, maɗori, ostiyofati, alofati, Batsari, Safana, karkara

1.0 Gabatarwa

A ɗauka cewa wani manomi ya taso daga Wagini a kan babur ranar kasuwar Batsari, ya faɗi a hanya, ƙashin cinyarsa ya karye. Kafin a gama ɗaga shi, danginsa za su yanke shawarar da za ta iya zama sanadin ya sake taka ƙafarsa ko ya rasa ta: a kai shi gidan maɗori, ko a nemi mota zuwa Katsina. Gidan maɗori yana kusa, an san shi, an san ubansa, kuma ba za a ce sai an ajiye kuɗi kafin ya taɓa majinyaci ba. Likitan da ya ƙware a tiyatar ƙashi kuwa yana birni, a bayan dogon layi da kati da hoto da gwajin jini.

Masana al'adun Hausawa sun daɗe suna nazarin wannan shawara ta fuskar majinyaci, wato me ya sa Bahaushe ke zuwa wurin wane ya bar wane. Wannan maƙala ta juya tambayar zuwa ga mai maganin: me ya sa wannan ya zauna a nan, wancan ya zauna a can? Tambayar tana da nauyi, domin zaɓin majinyaci bai wuce abin da masu magani suka riga suka zaɓa ba. Wanda ba ya nan, ba a zaɓarsa.

1.1 Farfajiyar Nazari

Batsari da Safana ƙananan hukumomi ne maƙwabtan juna daga cikin 34 na Jihar Katsina, wadda aka ƙirƙiro a 1987. Suna yammacin jihar, a gefen dajin Rugu da ya haɗa Katsina da Zamfara. Ƙidayar 2006 ta ba Batsari mutum sama da 200,000, ta ba Safana sama da 180,000. A tsarin masarauta, Sarkin Ruma ne hakimin Batsari, Yariman Katsina kuma hakimin Safana. Mazauna yankin Hausawa ne da Fulani, manoma da makiyaya da 'yan kasuwa, a garuruwa irin su Ruma da Wagini ta ɓangaren Batsari, da Runka da Zakka da Babban Duhu ta ɓangaren Safana. Dukansu biyu suna cikin ƙananan hukumomi takwas da gwamnatin jiha ta daɗe tana lissafawa a sahun gaba wajen fama da 'yan bindiga.

1.2 Hanyar Nazari da Ra'i

An dogara ga rubuce-rubucen masana, da bayanan hukuma da suka shahara, da kuma nazarin kalmomin da Bahaushe ke amfani da su a fagen magani. Ayyuka uku sun share fage. Last (1981), daga zamansa a ƙasar Malumfashi, ya nuna cewa majinyaci ba ya ɗaure kansa ga tsarin magani guda, yakan gwada wannan ya koma wancan. Wall (1988) ya bayyana rabe-raben masu magani a wannan yanki na kudancin Katsina. Stock (1983), a ƙasar Haɗeja, ya nuna yadda zuwa asibiti ke raguwa sosai gwargwadon nisan ƙauye da shi. Ra'in da aka ɗora aikin a kansa na Julian Tudor Hart ne, likitan da ya yi aiki a wani ƙauyen mahaƙan kwal na ƙasar Wales, wanda a 1971 ya ce samuwar kyakkyawar kulawa takan saɓa wa yawan bukatarta, musamman inda aka bar kasuwa ta yi rabon.

2.0 Warware Sunaye

Kafin a shiga zancen mazauni, akwai sunaye huɗu da ya kamata a bambance, domin fassara takan cuɗanya su.

*Alofati* suna ne da Samuel Hahnemann, Bajamushen da ya kafa hanyar homiyofati, ya laƙaba wa likitancin zamaninsa a farkon ƙarni na 19, da nufin suka. Yau ana amfani da shi a Amurka da Indiya don nuna likitancin asibiti da kowa ya sani. Likitocin da jami'o'in Nijeriya ke yaye wa da digirin MBBS duk a wannan rukuni suke.

*Ostiyofati* hanya ce da Andrew Taylor Still ya shelanta a 1874, ya buɗe mata makaranta a garin Kirksville na Jihar Missouri a 1892. Asalin koyarwarsa ita ce lafiyar jiki tana rataye da daidaituwar ƙashi da jijiya da tsoka, kuma hannu zai iya gyara su. Da tafiya ta yi nisa, makarantun ostiyofati na Amurka sun rungumi ƙwayar magani da allura da tiyata, har mai digirin DO ya zama cikakken likita daidai da mai digirin MD. Yana iya ƙwarewa a haihuwa ko zuciya ko ido. A Ingila kuwa mai ostiyofati ba likitan asibiti ba ne, aikinsa tausa da gyaran gaɓɓai da hannu.

*Likitan ƙashi*, a bakin Bahaushen yau, shi ne likitan asibiti da ya ƙware a tiyatar ƙashi, irin na Dala a Kano, wanda ke buɗe ƙafa ya sa ƙarfe.

*Maɗori*, ko mai ɗori, shi ne mai sana'ar gargajiya ta gyaran karaya da targaɗe da gocewar ƙashi.

Saboda haka kuskure ne a fassara mai ostiyofati da likitan ƙashi, kuskure ne kuma a kira shi maɗorin Turawa. Abin da ya haɗa tarihin ostiyofati da ɗori shi ne dukansu sun taso a karkara, sun dogara ga hannu, kuma likitancin birni ya daɗe yana yi musu kallon raini. Wannan kamanci ne ya sa kwatancin ke da amfani.

3.0 Darasin Amurka

Nijeriya ba ta da hanyoyi biyu na zama likita, amma Amurka tana da su, kuma ta zama tamkar wurin gwaji. Likitocin hanyoyin biyu suna riƙe lasisi iri ɗaya, kuma tun 2020 hukuma ɗaya ce ke tantance horon ƙwarewarsu. Duk da haka an daɗe da lura cewa masu digirin DO sun fi karkata ga likitancin iyali da kula da lafiya a matakin farko, sun kuma fi yawan zama a ƙananan garuruwa idan aka auna da adadinsu. A yau sama da ɗaya cikin huɗu na ɗaliban likitanci a ƙasar suna makarantun ostiyofati ne.

Babban dalilin wannan bambanci yana ga inda aka gina makarantun da irin ɗaliban da suke ɗauka. Kirksville ƙaramin gari ne. Makarantar Lewisburg ta Jihar West Virginia, wadda aka kafa a 1972, da ta Pikeville a Kentucky, wadda aka buɗe a 1997, suna cikin yankin duwatsu na matalauta. A 2020 Jami'ar Jihar Oklahoma ta buɗe reshen makarantarta a Tahlequah, hedikwatar al'ummar Cherokee. Irin waɗannan makarantu sukan nemi ɗan karkara, su tura shi koyon aiki a ƙananan asibitoci, ya saba da aiki inda babu manyan na'urori. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kai ga wannan matsaya a shawarwarinta na 2010, ta sabunta su a 2021: ɗalibin da ya tashi a karkara, aka kuma horar da shi a karkara, shi ya fi yiwuwar komawa can.

Sai dai darasin yana da iyaka. Duk likitan da ya zurfafa a fanni mai ƙunci, kamar tiyatar ƙwaƙwalwa, dole ya nemi inda jama'a ke da yawa da kayan aiki, ko wace makaranta ta yaye shi. Ke nan abubuwa biyu ne ke aiki tare: asalin mutum da wurin horonsa, sai kuma nauyin kayan da fanninsa ke bukata.

4.0 Taswirar Ƙwararru a Kan Hanyar Batsari da Safana

Wanda ya zana taswirar manyan asibitocin Jihar Katsina zai ga sun taru a babban birni. A nan Asibitin Koyarwa na Tarayya yake, wanda a da ake kira Cibiyar Lafiya ta Tarayya, da Asibitin Ƙwararru na Janar Amadi Rimi, da Asibitin Mata da Yara na Turai 'Yar'aduwa, da Babban Asibitin Katsina. Abin da ya gagari Katsina sai Kano, inda Asibitin Ƙashi na Dala yake tun 1959 da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko Shika a Zariya. Batsari tana da babban asibiti, mutanen Safana kuma Dutsin-Ma ce mafi kusa da su cikin manyan garuruwa. A ƙauyuka sai asibitin sha-ka-tafi da mai kemis.

Harshe ma ya adana wannan tsari. A ƙauye duk mai farar riga likita ne, ko da malamin asibiti ne ko nas. Ana cewa babban likita ne idan ana nufin ƙwararre, kuma kalmar takan zo da aikatau na tafiya: an tura shi wajen babban likita, an wuce da shi Katsina, an wuce da shi Dala. A hankalin mai magana, babban likita mutum ne da ake zuwa wurinsa. Dalilai huɗu suka kafa wannan hali.

4.1 Wurin Horo

Kafin mutum ya zama ƙwararre a Nijeriya sai ya yi shekara 6 a jami'a, shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, shekara guda ta bautar ƙasa, sannan shekara 5 zuwa 6 ko fiye na horon ƙwarewa a ƙarƙashin Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ko kwalejojin Afirka ta Yamma. Wannan horo ba ya yiwuwa sai a asibitin da aka tantance, kuma kusan dukansu a manyan birane suke. Tarihi ma haka ya shata: Ibadan a 1948, Zariya a 1967, daga baya Maiduguri da Sakkwato da Kano. Yaron da ya bar Runka yana ɗan shekara 18 zai kammala yana dab da 35 ko ya haura. A cikin waɗannan shekaru ya yi aure, ya haifu, ya sa yara a makaranta, ya ƙulla abota da malamansa. Bahaushe ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, shi kuwa wannan icce a birni ya bushe.

4.2 Kayan Aiki da Abokan Aiki

Likitan tiyatar ƙashi ba ya aiki shi kaɗai. Yana bukatar ɗakin tiyata mai tsabta, da wutar da ba ta ɗaukewa, da na'urar hoton ƙashi, da ma'ajiyar jini, da likitan da ke sa majinyaci barci, da nas-nas na tiyata, da mai gashin ƙashi da motsa gaɓɓai bayan aiki. Idan guda ya ɓace, saura sun tsaya. In aka ajiye irin wannan likita inda babu su, zai koma duba zazzaɓi da rubuta takardar tura majinyaci gaba, hannunsa kuma ya yi sanyi. Yawancin ƙwararru suna tsoron mutuwar hannu fiye da ƙarancin albashi.

4.3 Rufin Asiri da Ci Gaban Aiki

Likitan da ke asibitin koyarwa yana iya haɗa aikinsa da koyarwa a jami'a, ya hau matakai har farfesa. Yana iya duba marasa lafiya a asibiti mai zaman kansa da yamma. Albashin tarayya kuma yakan ɗara na jihohi da yawa. Akwai alawus na zaman karkara a tsarin albashin likitoci, amma bai kai ya rinjayi waɗannan ba. An daɗe ana biyan alawus na haɗarin aiki naira 5,000 a wata kafin a sake duba shi a ƙarshen 2021. Tsanin bai tsaya a Katsina ba: mai Katsina yana hangen Kano ko Abuja, mai Abuja yana hangen Saudiyya ko Ingila. Ƙudirin da aka gabatar a Majalisar Wakilai a 2023, na tilasta wa sabon likita aikin shekara 5 kafin a ba shi cikakken lasisi, da manufar ƙaurar ma'aikatan lafiya da gwamnatin tarayya ta amince da ita a 2024, duk a kan saman tsanin suke magana. Batsari da Safana suna matakin ƙasa, inda kowane giɓi na sama ke ƙarewa, domin duk gurbin da ya buɗe a birni daga ƙasa ake cike shi.

4.4 Tsaro

A Fabrairun 2020 an kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na Batsari. A Afrilun shekarar an kashe 47 a hare-haren da suka shafi Safana da Dutsin-Ma da Ɗanmusa. A Satumban 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da waɗannan biyu, na tsawon watanni, aka kuma taƙaita zirga-zirgar babura da sayar da mai a jarka. Ga ma'aikacin lafiya, ma'anar wannan ita ce babu kiran babban likita don shawara, babu kiran mota cikin dare. Likita kuma mutum ne da masu garkuwa ke ganin yana da daraja, ko don kuɗin fansa ko don ya yi musu jinya. Ba abin mamaki ba ne ma'aikaci ya ajiye iyalinsa a Katsina ko Dutsin-Ma, ya riƙa zuwa da hantsi yana komawa kafin la'asar. Haihuwa mai gardama da harbin bindiga kuwa ba su san lokacin tashi daga aiki ba. A nan ra'in Hart ya fito fili: rikicin da ya ninka bukatar likitan tiyata shi ne kuma ya kore shi.

5.0 Maɗori da Dalilan Zamansa

Idan aka auna maɗori da waɗannan ma'aunai, kowannensu yana ɗaure shi ne ga gida.

Horonsa gado ne. Kamar wanzanci da ƙira da su, ɗori sana'ar gida ce. Yaro yakan fara da riƙe ƙafar majinyaci da miƙo tsumma, yana kallon hannun uba ko kaka, har ranar da za a ce ya gwada. Makarantarsa zauren gidansu ne, ba ya barin gari don ya koya.

Kayan aikinsa suna gona da daji da kasuwar gari: karan dawa ko ƙananan sanduna da ake jerawa, tsumma ko bandeji, man shanu, saiwoyi da sassaƙe, sai addu'a da tofi. Babu abin da ke jiran wutar lantarki.

Shaidarsa jama'a ce. Takardar likita tana aiki a Katsina da Legas da Riyad, shi ya sa take iya tafiya da shi. Sunan maɗori yana aiki ne inda ake ganin waɗanda ya ɗora suna tafiya da ƙafafunsu. Idan ya yi ƙaura zuwa inda ba a san gidansu ba, ya bar rabin jarinsa a baya.

Ladansa ma na zaman tare ne. Ba kasafai ake yanka farashi tun farko ba. Akan ba da abin da ya sawwaƙa, kaza ko hatsi ko kuɗi, wani lokaci sai bayan an warke. Shi kansa manomi ne, abincinsa ba ya rataye da majinyata kaɗai. Akwai kuma imanin da ya yaɗu cewa tsananta kuɗi yana zubar da albarkar gado.

Wannan bayani ba yabo ne marar iyaka ba. Karaya mai sauƙi, wadda fata ba ta fashe ba, takan haɗe a hannun gwanin maɗori. Amma likitocin ƙashi a arewacin Nijeriya sun daɗe suna rubutu a kan ɗaurin da ya matse har jini ya daina gudu, hannu ko ƙafa ya kumbura, ya yi baƙi, ya ruɓe, musamman ga yara. Irin wannan majinyaci yakan isa asibiti lokacin da babu abin yi sai yankewa. Daga nan labari ya koma ƙauye cewa asibiti yanke ƙafa suke yi, na gaba ya ƙara jinkiri. Kowane ɓangare yana ganin gazawar ɗayan kawai: likita ba ya ganin waɗanda maɗori ya warkar, domin ba sa zuwa wurinsa, ƙauye kuma ba ya ganin waɗanda da an kai su da wuri da ba a yanke ba.

Zamani ya kuma kawo raunukan da kakanni ba su bar wa maɗori maganinsu ba. Faɗowa daga itace ko harbin jaki daban yake da karon babur da mota, balle harsashin da ke farfasa ƙashi ya bar rami a buɗe. Bayan haka, maɗori ɗan ƙauye ne kamar kowa. Idan an tashi ƙauye, da shi ake gudu zuwa garin Batsari ko Dutsin-Ma ko Katsina. Dajin da yake saran sassaƙe ya zama wurin da ba a shiga, yaron da zai gaje shi kuma ya tafi ci-rani. Mai maganin da aka san shi da zama shi ma ya fara tashi, kuma ilimin da ke kansa ba a rubuce yake ba.

6.0 Babbar Ruga: Misalin da Ya Saɓa

A kan hanyar Batsari, kaɗan da fita birnin Katsina, akwai Babbar Ruga, wadda ta fara a matsayin wurin jinyar kutare tun zamanin Turawa. A 1983 wani likita ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya zo aikin kuturta a wurin. Ya tarar da mata masu yoyon fitsari da babu mai yi musu aiki, ya fara yi musu tiyata a 1984 da kayan aiki ƙalilan. Ya zauna shekaru da dama, ya yi wa dubban mata aiki, ya horar da likitoci da nas-nas daga ciki da wajen Nijeriya. Yau wurin cibiya ce ta ƙasa ta masu wannan lalura.

Misalin yana koyar da abu biyu. Na farko, idan ƙwararre ya zauna a gefe ya daɗe, taswira takan juya, majinyata da ɗalibai su biyo shi. Ya yi sunansa ne irin yadda maɗori ke yi, ta bakin waɗanda suka warke suka koma gida. Na biyu, ya zaɓi fannin da ke bukatar gwanintar hannu fiye da manyan na'urori, kuma wurin yana dab da birni. Saboda haka ba za a gina manufa a kan jiran irinsa ba, amma za a iya gina ta a kan sharuɗɗan da suka ba shi damar zama.

7.0 Sakamakon Nazari da Shawarwari

Nazarin ya fito da cewa mazaunin mai magani yana bin wurin horonsa da nauyin kayansa da inda shaidarsa ke aiki, tsaro kuma yana iya rushe duka ukun. Zargin likita da rashin kishi, ko zargin ɗan ƙauye da jahilci, bai bayyana komai ba. Kowannensu yana yin abin da hankali ya ba shi a cikin tsarin da ya tarar. Bisa wannan ake ba da shawarwari kamar haka:

1. Gwamnatin jiha, wadda ta saba ɗaukar nauyin ɗaliban likitanci a gida da waje, ta ware gurabe na musamman ga 'ya'yan ƙananan hukumomin bakin daji, ta fara tallafa musu tun daga sakandare, domin a nan ake rasa su.
2. A gyara manyan asibitocin Batsari da Dutsin-Ma har su cancanci karɓar likitoci masu neman ƙwarewa na wasu watanni a ƙarƙashin kulawar asibitin koyarwa, a fara da likitancin iyali da tiyata ta gama-gari da haihuwa, waɗanda su ne karkara ta fi bukata.
3. Fannonin da ba za su iya zama a karkara ba, a tsara musu ziyara mai rana tsayayya. Mutanen yankin sun riga sun tsara makonsu a kan ranakun kasuwa, ya kamata ranar babban likita ta bi wannan tsari.
4. A jawo maɗora ta hannun hakimai da dagatai, a koya musu alamomin da ke wajabta tura majinyaci nan take: rauni a buɗe, harbin bindiga, karayar cinya ko ƙugu ko baya, yatsu su yi sanyi ko su canja launi. A karrama wanda ya tura, kada a tozarta shi a gaban dangin majinyaci.
5. Manazarta Hausa su hanzarta tattara kalmomi da dabarun ɗori daga bakin dattawan da suka yi gudun hijira, su kuma haɗa kai da likitoci wajen daidaita sunayen fannonin ƙwarewa da Hausa, domin majinyaci ya san wanda aka tura shi wurinsa da dalili.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi sawun masu magani biyu, ta tarar kowanne yana zaune inda sana'arsa ta yi saiwa. Tarihin ostiyofati a Amurka ya nuna cewa ana iya dasa saiwar likita a karkara idan aka kai makaranta can aka kuma ɗauki 'ya'yan wurin. Babbar Ruga ta nuna cewa hakan ya taɓa faruwa a kan hanyar Batsari kanta. Manomin da aka buɗe zance da shi ba ya bukatar a raba masa gardama tsakanin gargajiya da zamani. Bukatarsa ita ce maɗorin da ya san iyakarsa, da hanyar da za a bi lafiya, da likitan da za a tarar idan an isa. Bahaushe ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a Batsari da Safana hannuwan biyu suna nan, tazarar da ke tsakaninsu ce aikin da ya rage.